Yara uku, turaku uku, babu sanda: muhawara kan wani tsohon shafin koyon karatu

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jikana da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton wani shafi daga ɗan littafin yara mai suna A Little Pretty Pocket-Book, wanda John Newbery ya fara bugawa a Landan a 1744. Tun jiya nake kallonsa. A saman shafin an rubuta ƙaramin harafin k, ƙarƙashinsa zanen yara uku da huluna masu kusurwa uku, kowa na tsaye kusa da turke, ɗaya na riƙe da ƙwallo zai jefa. Sai 'yar waƙa mai layi huɗu, ma'anarta: da an buga ƙwallo yaro sai ya sheƙa zuwa turke na gaba, daga nan ya komo gida da murna. Sunan wasan a shafin shi ne Base-Ball. Jikan nawa cewa ya yi, "Kaka, ga inda besbol ya faro." Ni kuwa ba asalin besbol, wasan sanda da ƙwallo na Amurkawa, ne ya kama ni ba. Shekara 34 na yi ina koyar da ƙananan yara, ban taɓa tunanin littafin koyon baƙaƙe zai iya zama shaidar tarihi ba. Manya ba su damu su rubuta yadda yara ke wasa ba, sai mai son koya musu harafi ya zana wasan don ya ja hankalinsu, shi ke nan wasan ya tsira. Ina son jin masu ilimin wannan fanni.

Mai Laburare:
Wa alaikumus salam, Baba Hedimasta, barka da kawo wannan. Ƙarin bayani kaɗan. Bugun farko na 1744 ya ɓace, babu kwafi ko ɗaya da ya rage. Mafi tsufa da ke hannu shi ne na 1760, yana laburaren Birtaniya. Hoton da ya fi yawo a intanet kuwa daga bugun Amurka ne, na Isaiah Thomas a garin Worcester, jihar Massachusetts, 1787. Kuma besbol ba shi kaɗai ba ne a ciki, akwai kurket, da stulbol, da tirafbol, da tifkat, kowanne da harafinsa da zanensa da waƙarsa.

Uwar Biyu:
Malam Mai Laburare, a yi mana bayanin waɗannan ukun na ƙarshe don Allah. Kurket kaɗai na sani.

Mai Laburare:
To Malama. Stulbol: a ajiye 'yar kujera, ɗaya ya jefe ta da ƙwallo, ɗaya ya tsaya yana kare ta. Har yau ana yin sa a yankin Sussex na Ingila, kuma mata suka fi riƙe shi. Tsohon wasa ne ƙwarai, don a ranar Kirsimetin 1621 gwamnan Plymouth, mazaunin Turawan Ingila a Amurka, William Bradford, ya tarar da wasu sababbin zuwa suna yin sa a kan titi alhali sauran mutane na aiki, ya ƙwace kayan wasan. Tirafbol kuwa akwai wani ɗan katako mai siffar takalmi, da ɗan cokali a jikinsa. Sai ka ɗora ƙwallo a bakin cokalin, ka doki ɗaya gefen, ƙwallon ya yi sama, ka tare shi da sanda. Ba a bukatar mai jefa maka. Tifkat babu ƙwallo sam: guntun icce ne aka fiƙe bakinsa biyu, ka doki baki ɗaya ya tashi sama, ka make shi kafin ya sauko.

Ɗan Boston:
Baba Hedimasta, a gaya wa jikan nan ya yi a hankali da wannan magana a nan, don har yanzu akwai dattawan da ba sa son ji. An daɗe ana koya wa yaran Amurka cewa Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro besbol a Cooperstown a 1839. Wani kwamiti ne da Albert Spalding, mai sayar da kayan wasanni, ya sa aka kafa a 1905 ya yanke haka, bisa wasiƙar wani tsoho guda, Abner Graves. Spalding so yake a ce wasan na Amurka ne tsantsa, don ya ƙaryata Henry Chadwick, marubucin wasanni haifaffen Ingila, mai cewa daga rawundas, wani wasan yaran Ingila na bugu da zagaya turaku, ya fito. Alhali a 1839 Doubleday yana makarantar soja ta West Point. Abin da ya rusa labarin kuwa irin littattafan nan ne. Robert Henderson, ma'aikacin laburaren birnin New York, shi ya bi tsofaffin littattafan yara yana nuna wasan ya riga 1839 nesa ba kusa ba.

Mai Laburare:
Abokin sana'ata ke nan, ina alfahari da shi.

Ɗalibin Tarihi:
Iyayena, ina neman afuwa, amma ina da ja. Ku sake duba zanen. Ina sandar? Babu ko ɗaya daga cikin yaran uku da ke riƙe da abin bugu. Waƙar ta ce an buga ƙwallo, ba ta ce da me ba. To in da tafin hannu ake bugawa, da wane dalili za mu sa shi cikin wasannin sanda da ƙwallo? Suna ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Kuma tunda bugun 1744 ya ɓace, shaidar da ke hannu ta 1760 ce, bai kamata a riƙa buga ƙirji da 1744 ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ka yi gaskiya, na koma na duba da tabarau, babu sanda. Madalla da ido.

Mai Laburare:
Ƙanena, maganarka ta biyu na karɓa rabi. Gaskiya ne takardar da muke iya taɓawa ta 1760 ce. Amma sunan wasan yana da wasu shaidu na kusa da 1744. Lady Hervey ta rubuta wasiƙa a 1748 tana cewa iyalan Yariman Wales suna ɗebe kewa da base-ball, ta kuma ce wasa ne da duk wanda ya taɓa zama ɗan makaranta ya sani. Ka lura da wannan, a 1748 har an ɗauke shi tsohon wasan 'yan makaranta. Sannan wani saurayi a Surrey, William Bray, ya rubuta a kundinsa cewa ya yi wasan ranar Litinin ta Ista a 1755.

Maganar sanda kuwa tana da nauyi. David Block, wanda ya fitar da littafi kan asalin wasan a 2005, ya karkata ga cewa a Ingila yawanci da hannu yara ke bugawa. Amma a 1796 wani malamin makaranta a Schnepfenthal ta Jamus, GutsMuths, ya wallafa littafin wasannin yara, a ciki ya bayyana abin da ya kira besbol na Ingilishi, kuma a nasa bayanin akwai sanda. Mai jifa na tsayawa kusa, ya jefo a hankali, mai bugu yana da dama uku, in yana gudu tsakanin turaku aka jefe shi da ƙwallo ya fita. Ni abin da na fahimta, wasan yara ba shi da hukuma. Inda aka sami sanda a yi da sanda, inda babu a yi da hannu, turaku kuma gwargwadon yawan yaran da suka fito.

Mai Ɗab'i:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren sana'ata. Na fara koyon aikin ɗab'i tun ana jera baƙaƙen dalma da hannu, kuma na san darajar bulok ɗin hoto. A zamanin su Newbery a jikin katako ake sassaƙa zane, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Mai ɗab'i ba ya jefar da katakon bayan bugu ɗaya. Zai ajiye, ya sake sa shi a wani littafin, ya sayar wa wani, ko wani ya kwaikwaya ya sassaƙa nasa. Saboda haka in kun ga zanen yara na buga ƙwallo a littafin da aka buga a wani gari a wata shekara, kada ku yi saurin cewa haka yaran garin ke wasa a shekarar. Mai yiwuwa katakon ya girmi littafin da shekara ashirin, kuma daga wata ƙasa samfurinsa ya zo. Yaran da ke bugun Worcester na 1787 ai kwaikwayon na Landan ne. Zanen ba ya ba mu labarin yaran Massachusetts, labarin abin da Isaiah Thomas ya ga zai sayu yake ba mu.

Ɗalibin Tarihi:
Alhaji, abin da nake son faɗa ke nan ban iya tsara shi ba. Na gode.

Ɗan Boston:
Alhaji Mai Ɗab'i, haka ne, amma yaran Massachusetts suna da tasu shaidar daban. A 1791 garin Pittsfield ya kafa doka: ba kurket, ba besbol, ba sauran wasannin ƙwallo a cikin yadi 80 daga sabon ɗakin taron gari, don kada a fasa gilasan tagogi. John Thorn, masanin tarihin besbol, shi ne ya bi sawun wannan doka har aka fito da takardar a 2004. Ba a hana abin da ba a yi. Shekara huɗu kacal tsakaninta da bugun Worcester, kuma jiha ɗaya.

Uwar Biyu:
Ni aji biyu nake koyarwa, kuma wani abu daban ne ya tsaya mini. Na je na karanta yadda aka sayar da littafin. Shi kaɗai sisi ne, in da kyauta kwabo takwas. Kyautar namiji ƙwallo, ta mace ɗan matashin soka allura. Wato tun daga shago an raba: kai fita ka yi gudu, ke zauna ki yi ɗinki. Wallahi abin ya sosa mini rai, don har yau haka nake gani a filin makarantarmu. Ƙwallo ɗaya muke da ita, in aka fito tara maza ke ɗauka, 'yan mata su koma gindin bishiya. Ba don ba sa so ba, don na gwada ba su, sun fi mazan ɗoki.

Mai Laburare:
Malama, akwai ƙarin da zai ba ki mamaki. Ƙwallon da matashin duk launi biyu gare su, gefe ja gefe baƙi, kuma an ce a riƙa soka fil: yaro ya yi abin kirki a soka a ja, ya yi laifi a soka a baƙi. Ko ƙwallon namijin ma allon lissafin hali ce kafin ta zama abin wasa. Sai dai a fili 'yan mata ba su zauna ba. Bray ya lissafa 'yan mata cikin waɗanda suka yi wasan tare da shi a 1755. Jane Austen kuma, a labarinta Northanger Abbey da ta rubuta wajen 1798, ta ce yarinyar labarin tana da shekara 14 ta fi son kurket da besbol da hawan doki a kan karatu. Mai sayar da littafi ne ya ba mace allura, ita kuwa tana can tana gudu tsakanin turaku.

Uwar Biyu:
Alhamdu lillahi. Wannan zan gaya wa 'yan ajina.

Ɗalibin Tarihi:
Tunda an zo kan tarbiyya, a karanta ƙasan shafin. Bayan waƙar wasan akwai wani baiti na darasi. Ma'anarsa: haka 'yan Birtaniya ke tsallaka teku don neman riba, su komo gida cike da farin ciki. A bugun Amurka na 1787 aka cire 'yan Birtaniya aka sa matuƙan jirgin ruwa. Ku tuna wane zamani ne wannan. Lokacin ne jiragen Liverpool da Bristol ke zuwa gaɓar Afirka ta Yamma suna lodin mutane zuwa gonakin rake. Yaro ɗan shekara shida yana koyon harafin k, ana gaya masa gudu daga turke zuwa turke kamar fita neman riba ne a ƙasashen wasu. Ni ba zan iya kallon shafin nan in ce kyakkyawa ne kawai ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, jikana bai turo mini ƙasan shafin ba, sai yanzu na nemo na gani. Jikina ya yi sanyi. Ban janye sha'awata ga zanen ba, amma ka nuna mini abin da ya kamata in sani tun ina aji: babu littafin koyon karatu da ke koyar da baƙaƙe kaɗai. Mu ma waɗanda muka yi amfani da su, akwai abin da suke cusawa ban da karatun, wani mun lura, wani ya wuce mu.

Mai Ɗab'i:
Newbery ɗan kasuwa ne na gaske, kada a manta. Ban da littattafai yana sayar da wani garin maganin zazzaɓi na Dokta James, har a wani littafin yara da ya buga a 1765 aka ce uban yarinyar labarin ya mutu ne don zazzaɓi ya kama shi a inda babu wannan magani. Wanda ya iya saka talla cikin mutuwar uba, saka ƙwallo don littafi ya sayu ba komai ba ne a wurinsa.

Uwar Biyu:
Alhaji, ban ƙi ba, amma ni zan kare shi kaɗan. Kafin shi me yaran ke karantawa? Littafin New England Primer, da aka fara bugawa wajen 1690, da faɗuwar Annabi Adamu yake buɗe harafin farko, kuma cike yake da ambaton mutuwa da kabari. Sai ga wani ya zo ya ce wa yaro: ga wasan da ka yi jiya da yamma, ga sunansa a rubuce. John Locke, masanin falsafa na Ingila, ya faɗi tun 1693 cewa a mayar wa yaro da koyon baƙaƙe wasa, kada ya ji shi kamar aiki, Newbery kuma ya yabi Locke a gabatarwar littafin. Ko don kuɗi ya yi, dabarar daidai ce. Na gani da idona. In na rubuta "tamaula" a allo, yaron da ya yi wata uku bai buɗe baki ba sai ya ɗaga hannu. Kalmar da yaro ya riga ya riƙe a hannunsa ita ya fi saurin ganewa a takarda.

Mai Laburare:
Akwai kuma dalili na harshe. A Ingilishi sunan sandar bugu harafi uku ne, bat, kuma yana tafiya da cat da hat da rat. Masu rubuta littattafan farko na ƙarni na 19, irin jerin McGuffey da aka fara a Cincinnati a 1836, da gajerun kalmomi masu amo ɗaya suke farawa. Sanda da ƙwallo sun sami shiga aji ne har da don sunayensu gajeru ne.

Bakatsine:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Tambaya gare ni ga Mai Laburare. A firamare an koya mana rawundas, malamin motsa jiki ya kafa sanduna huɗu, muna zagayawa. Kullum na ɗauka shi ne uban besbol. Yanzu na ji kamar ana cewa ba haka ba.

Mai Laburare:
Yaya, a rubuce dai sunan besbol ya riga. Rawundas bai bayyana da dokokinsa ba sai a The Boy's Own Book na William Clarke, Landan, 1828: turaku huɗu, in ka kuskure bugu sau uku ka fita, in aka cafe ka fita, in aka jefe ka kana gudu ka fita. A 1834 Robin Carver a Boston ya kwashe kusan bayanin nan duka ya sa a littafinsa, sai ya canja suna zuwa wanda yaran Amurka suka sani, Base ko Goal Ball. Ka ga dokoki ɗaya, suna biyu, gwargwadon inda za a sayar. Shi ya sa na fi ganin su 'yan ɗaki ɗaya ne, ba uba da ɗa ba. Babban abin da ya raba su daga baya shi ne dokokin ƙungiyar Knickerbocker ta New York a 1845, da suka hana jifan mai gudu. Da aka daina jifan mutum sai aka sami damar yin ƙwallo mai tauri, mai zuwa nesa, wasan ya tashi daga na yara ya zama na manya.

Tsohon Hedimasta:
Wani abu da na ci karo da shi yau ina bin wannan zance. Kafin littattafan nan, yaran Ingila da wani ɗan allo mai mariƙi suke koyon baƙaƙe. A manna takarda a jiki, a rufe ta da siririn ƙaho don kada ta yage. Siffarsa kamar ta abin buga ƙwallon gashin tsuntsu, har daga baya katin koyon baƙaƙe da ya gaje shi ya ɗauki sunan abin bugun, battledore. Da na gani sai allonmu ya faɗo mini a rai, shi ma katako ne mai mariƙi. Amma mu ba a taɓa kai allo filin wasa ba, saboda abin da ke rubuce a jikinsa, ko ruwan wankinsa ba a zubarwa inda ake takawa. Wannan daidai ne, haka ya kamata. Sai dai ya sa wasanninmu ba su sami ƙofar shiga rubutu ta wannan hanya ba, sai a bakin yara suka zauna.

Uwar Biyu:
Baba, an ɗan yi ƙoƙari daga baya. Akwai Wasannin Yara na Umaru Dembo da kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Amma a makarantarmu babu kwafi ko ɗaya.

Bakatsine:
Mu kam muna da namu na sanda. Da kaka, in an gama girbi gonaki sun zama fili, kowane yaro zai nemo gora mai lanƙwasa a baki. Ƙwallonmu ƙodagon goruba ne, bayan an gaigaye shi tas. Mu rabu biyu, a ja layi can a ja layi nan, kowane ɓangare na ƙoƙarin kora ƙodagon ya tsallake layin abokan hamayya. Har yanzu akwai tabonsa a ƙaurina na hagu.

Ɗalibin Tarihi:
Baba Bakatsine, wannan ba dangin besbol ba ne, dangin ƙwallon gora ne, tunda ba turaku kuma ba a bugu bi da bi. Amma ina roƙon ka rubuta mana shi dalla-dalla. Mutum nawa a ɓangare? Yaya ake farawa? Me ake yi in ƙodago ya fashe? Kuma a sa sunan gari da shekarun da kuka yi shi, don kada na gaba su sha wahalar da muke sha da zanen Newbery.

Mai Ɗab'i:
In an tara, ni zan buga, kuma a sa mai zane ya je ya ga yara na yi da idonsa kafin ya zana. In da sanda a hannun yaro, a ga sandar.

Bakatsine:
To bari in fara da abin da na tuna. Ba ma ƙidaya mutum, duk wanda ya zo da gorarsa a ba shi ɓangare, in an yi mara sai ƙaramin ciki ya jira wani ya gaji. Farawa kuwa, manya biyu ne ke tsayawa a tsakiya, a binne ƙodagon rabi a cikin yashi, su haɗa gora sau uku sannan kowa ya nemi haƙo shi. Ba a ɗaga gora ta wuce kafaɗa, wanda ya ɗaga a fitar da shi har sai an ci ɗaya. Ƙodago ba ya fashewa, sai dai ya ɓace a cikin kara, shi ya sa kowa ke zuwa da biyu a aljihu. Akwai yayana a gida da ya fi ni riƙe sauran, ranar Juma'a in na je zan zauna da shi da takarda.